Soundbar ko Saitin 5.1: Wanne Ya Dace da Falonka?

Tun da na kafa babbar talabijin a falona a Ƙofar Ƙaura, duk wanda ya zo kallon ƙwallo tambayarsa ɗaya: soundbar zai saya ko saitin 5.1?

Saitin 5.1 sifika biyar ne da wufa ɗaya (mai fitar da sauti mai kauri): uku a gaba, biyu a bayan mai kallo. Ta tsakiya ita ke ɗauke da maganar 'yan wasa, shi ya sa ko ana ruwan harsashi a fim ba ka rasa kalma. Mota ta wuce, sai ka ji ta bayan kunnenka. Soundbar kuwa doguwar sifika ce guda, da yawa daga cikinsu dabara suke yi: su harba sauti ya bugi bango ya dawo, kamar daga kewayenka yake fitowa. A falon da ya sha labule da kafet, dabarar kan yi rauni.

Wajen haɗawa, soundbar ta yi zarra. Waya ɗaya ta HDMI ARC, mai kawo sauti daga talabijin, an gama. 5.1 sai an ja wayoyi zuwa bayan kujeru, mai ƙananan yara ya san abin da nake nufi. Kuɗinsa ma yakan fi, ga cin wuta in sola kake amfani da ita. Amma in sifika ɗaya ta mutu, ita kaɗai za ka canza.

Mai gidan haya ko ƙaramin ɗaki, soundbar ta ishe shi. Mai gidan kansa da faffaɗan falo, wanda fim ne abin sonsa, ya nemi 5.1.