Shekara guda ina ɗaura wa yaran Hamburg igiyar takalmi: sharhina kan aikin sa-kai na coci a Jamus

Mutum uku ne suka tambaye ni cikin wata guda ko su nemi wannan shirin, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da idona ya gani, kowa ya karanta ya yanke wa kansa shawara. Na yi wata goma sha biyu, daga Satumban 2023 zuwa Agustan 2024, a wani gidan renon yara na coci a birnin Hamburg, arewacin Jamus. Wata ƙungiyar Kirista ce ta karɓe ni, ta nema mini wurin aiki da ɗakin kwana. Ba zan kama sunanta ba. Akwai inda zan yabe ta, akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutanen cikinta ba mugaye ba ne.

Na tafi da Littafi Mai Tsarki, da waƙoƙin yara cike da kai, da shekara biyar da na yi ina koyarwa a makarantar Lahadi. A raina zan je ne in tara yara a gabana in ba su labarin Dauda da Goliyat, su buɗe baki suna saurare. Ranar farko abin da aka miƙo mini tsumma ne da ƙaramin bokiti, aka nuna mini teburan da yara suka gama karyawa a kai. Wanda zai nemi shirin nan ya riƙe wannan hoton a ransa, don shi ne ainihin aikin.

Ta fuskar takardu ba ni da abin cewa sai godiya. Shirin yana tafiya ne ƙarƙashin dokar aikin sa-kai ta tarayya da Jamus ta kafa a 2011, lokacin da ta dakatar da shiga soja na dole, saboda haka ba aikin ɓoye ba ne: akwai yarjejeniya a rubuce, akwai inshorar lafiya da wurin aiki ke biya, akwai ranakun hutu, akwai kuma kwana 25 na bita a shekara. Ƙungiyar ta turo takardun biza a kan lokaci, ta sa aka raka ni ofishin rajistar mazauna, don doka ta ce cikin mako biyu da tarewa sai an rubuta adireshinka. Kafin in taɓa ko yatsan yaro sai da na kawo takardar 'yan sanda da ke nuna ba ni da laifi, da shaidar rigakafin ƙyanda, wadda ta zama dole ga masu aiki a irin waɗannan gidaje tun Maris na 2020. Da farko na ga kamar yawan bincike ne. Daga baya na ce ai ni ma da ɗana ne haka zan so a yi.

Ina fita gida ƙarfe bakwai saura, in isa kafin takwas. Ajinmu yara ne 'yan shekara uku zuwa shida. Bayan karin kumallo a zauna a ƙasa a yi da'ira, a rera waƙa, a ƙirga waɗanda suka zo, a tambayi yau wace rana ce. Sai fita waje. Kuma fita ce ko ana ruwa ko ana iska, Hamburg kuwa gari ne na yayyafi da ba ya gajiya. Kowane yaro yana da wandon roba da takalmin ruwa a rataye a ƙarƙashin sunansa, ni ce mai sa musu. Kafin ka gama da na ƙarshe, na farko ya ce fitsari yake ji, sai a tuɓe komai a sake daga farko. Da rana abinci, sai barci ga ƙanana, sai shara, sai iyaye su fara zuwa ɗauka. Haka Litinin, haka Juma'a.

Abin da ya fi ba ni wuya ba aikin ba ne, hannuna ne da bakina. A Jamus tun shekarar 2000 doka ta ba yaro 'yancin a rene shi ba duka, ba wulaƙanci, kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A mako na uku wani yaro ɗan shekara huɗu ya ɗebi yashi ya watsa wa wata yarinya a ido. Ban san lokacin da na damƙi hannunsa na daka masa tsawa ba. Filin wasan ya yi tsit. Malamar da nake ƙarƙashinta, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ba ta ce mini komai a gaban yara ba. Ta wanke wa yarinyar ido, sannan ta durƙusa har idonta ya zo daidai da na yaron, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da aka tashi ta kira ni ɗakin shayi ta ce, “Na san tsoro ne ya sa ki. Amma kin fi shi girma sau uku. In kika riƙe shi da ƙarfi, abin da zai koya shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya.” Na ji kunya, na kuma ji haushi, don a ganina taimako na yi. Na kwana biyu ina gardama da ita a zuciyata.

Har yau ban yarda da duk tsarinsu ba. Akwai ranar da aka shafe minti goma ana lallashin yaro ya sa hularsa, sauran suna tsaye cikin sanyi suna jira, na ce a raina wannan kam ya yi yawa. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba: yarinya 'yar shekara uku ta ɗaga tafin hannu ta ce wa wanda ya girme ta ya daina, ba ta so, kuma ya daina. Ba a tilasta wa yaro cin abinci. Ba a ɗaukarsa a rungume sai ya nuna yana so. Sabon yaro kuwa uwarsa ko ubansa kan zauna tare da shi kwanaki, ana rage lokacin kaɗan-kaɗan har ya saba, ba a fizge shi yana kuka a rufe ƙofa. Wannan horon shi ne mafi tsadar abin da na samu, kuma daga wajen dattijuwar nan na same shi, ba daga zauren bita ba.

Sai maganar bangaskiya, wadda na san ita ce masu tambayata suka fi son ji. Gidan na coci ne, amma yaran daga kowane irin gida suke: akwai na Kirista, akwai na Musulmi, akwai da yawa da iyayensu ba sa bin kowane addini. A ƙasar ma baki ɗaya, 'yan manyan ikilisiyoyin biyu, Katolika da Furotesta, yanzu ba su kai rabin jama'a ba. Ana rera gajeriyar waƙar godiya kafin abinci, fasto takan leƙo lokaci-lokaci ta ba da labari daga Littafi Mai Tsarki, shi ke nan. An gaya mini tun farko, cikin ladabi amma ba kwana-kwana, cewa ba a kawo ni don in yi wa yara wa'azi ba. Wata biyun farko na yi ta tambayar kaina to me ya kawo ni. A nan ina ganin ƙungiyar ta yi sakaci: takardar tallarta cike take da kalmomin hidima da shaida, ba ta fito fili ta ce shaidar da ake nufi ta aiki ce, ba ta baki ba.

Watan Nuwamba ne ya fara sanyaya mini rai. Ranar 11 ga wata ake tunawa da Martin, sojan Roma da ya raba alkyabbarsa biyu ya ba wani maroƙi da sanyi ke neman kashewa, daga baya ya zama bishop a Tours ta ƙasar Faransa. Mun yi makonni muna haɗa fitilun takarda da yara, da dare ya yi muka zaga unguwa da su muna waƙa, iyaye na biye, masu ɗankwali da marasa shi. Da Disamba ta shigo aka kawo wani zagayayyen ganye mai kyandir huɗu, ana ƙara kunna ɗaya kowace Lahadi har Kirsimeti. Dattijuwar ta ce mini ai a nan Hamburg aka fara shi. Johann Hinrich Wichern, wanda ya buɗe gidan yaran talakawa na Rauhes Haus a 1833, shi ne yara suka dama da tambayar yaushe Kirsimeti. A 1839 ya ɗauko ƙafar keken doki ya jera mata kyandirori, ƙanana jajaye na ranakun mako, manya farare huɗu na Lahadi, don su riƙa ƙirgawa da idonsu. Na yi dariya da na ji, don a safiyar nan kaɗai yara biyar sun yi mini wannan tambayar. Mutumin da ake kallo a matsayin uban aikin jinƙai na cocin Furotesta a Jamus, ashe shi ma yininsa a amsa tambayar yara ya ƙare.

Yanzu ga ƙorafina, kuma ba ƙarami ba ne. An yi mini alkawarin ajin koyon Jamusanci da zarar na iso, bai fara ba sai da na yi kusan wata uku. Yara ba sa jin wani yare, ba su kuma da haƙurin maimaitawa. Ka yi tunanin yaro yana kuka yana gaya maka inda ke masa ciwo, kai kuwa kana kallonsa kamar gunki. Su ne dai suka zama malamaina, suna gyara mini furuci suna ƙyalƙyala dariya. Duk wanda zai je, ya fara koyo tun kafin ya hau jirgi, kada ya dogara da alkawari.

Na biyu kaɗaici. An ba ni ɗaki mai tsabta da ɗumi, amma a ƙarshen gari, ba wani ɗan sa-kai kusa. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, wajen ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. In fita cikin duhu, in dawo cikin duhu, in zauna ina kallon bango. Matar da aka ce ita ce mai kula da ni tana da kirki, sai dai mutanen da ke hannunta sun yi mata yawa, saƙo yakan yi mako bai samu amsa ba. Ranar Lahadi shaguna a rufe, sujada ƙarfe goma, awa guda an tashi, yawanci tsofaffi, kowa ya kama gabansa. Ba ƙungiyar ce ta cece ni ba, wata mai shara ce 'yar Gana a wurin aikinmu, da ta lura na rame ta ja ni zuwa ikilisiyarsu da ke taruwa da rana a ginin wani coci. Da an ba ni adireshi ɗaya irin wannan tun makon farko, da hunturun bai yi mini tsawo haka ba.

Kuɗin aljihu kuwa sunansa ke nan, na aljihu. Yana isa sabulu da katin waya da ɗan abin marmari. Tikitin da ke shigar da kai bas da jiragen ƙasa na kusa a duk faɗin ƙasar Yuro 49 ne a wata a lokacina, ya kuma ƙara tsada bayan na taho. Na koyi mayar da robar ruwa shago in karɓi santi 25 a kowace ɗaya. Wanda ke lissafin zai riƙa turo wa gida wani abu, ya goge wannan lissafin. Haka wanda ya yi wa ikilisiyarsa alkawarin hotuna: an hana ɗaukar yara hoto da wayarka, balle ka sa a Facebook. Rahotannin da na riƙa turawa duk hoton fitilu ne da takalman ruwa a jere.

Idan wa'azi kake son yi, ko tara kuɗi, ko kana ganin wannan ƙofa ce ta zama a Turai, ba shirinka ba ne. Izinin zaman na aikin ne, yana ƙarewa da shi. Idan kuwa za ka iya shekara kana share hanci da goge tebur, ƙaramin yaro yana gyara maka magana ba ka ji zafi ba, to ka nema. Ni da za a sake ba ni zan karɓa, amma sai an rubuta mini ranar fara ajin yare a cikin yarjejeniya, an kuma gaya mini da wa zan zauna. Takalmin ruwa ma zan saya tun makon farko, don sai da na yi mura sau biyu kafin in yarda cewa manya ma suna bukatarsa.