Abincin buhu na kwikwiyon babban kare: abin da na gani a jikin Boerboel ɗina

Mai sayen kwikwiyon manyan karnukan gadi irin su Boerboel ko Caucasian a Kaduna ko Jos, babban burinsa ya ga ƙiba da girma da wuri. Masu sayarwa ma da haka suke talla: ga kai, ga ƙirji, ɗan wata huɗu kamar ɗan shekara. Abincin da zan yi sharhi a kai an haɗa shi ne don ya rage wannan saurin, kuma dalilin da ya sa nake yaba masa ke nan. Busasshen abincin nan ne mai ƙwaya-ƙwaya, wanda aka rubuta Large Breed Puppy a jikin buhunsa. Da shi na raini karen gadin gonata tun daga yaye har ya haura shekara.

Likitan dabbobi ne ya ɗora ni a kai. Ranar rigakafin farko ya shafa haƙarƙarin kwikwiyon ya ce, "Alhaji, wannan zai wuce kilo 60. Girmansa a jininsa yake. Abinci mai yawa ba zai ƙara masa tsawo ba, sauri kawai zai ƙara, saurin kuwa shi ke ɓata gaɓoɓi."

Ƙashin irin waɗannan karnuka ba ya gama ƙwari sai sun kai wata 18 zuwa 24. Kafin nan bakin ƙasusuwan guringuntsi ne, idan nauyi ya riga su zuwa sai ya zama kamar an ɗora bene a kan ginin da bai bushe ba. Daga nan ake samun ɗingishi, da ciwon ƙugun nan da kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. A Amurka an bi rayuwar karnukan Labrador 48, aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan uwansu ke ci. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun kai kimanin shekara 13, sauran kuma 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓa ya yi jinkirin kama marasa ƙibar.

Inda na fi so a tsaya a saurara shi ne batun kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, don a nan ake cutar da kwikwiyo da kyakkyawar niyya. Kowa zai ce maka ka barbaɗa masa garin ƙashi, ko ka sayo ƙwayar kalsiyam a kemis, wai ƙafa ta yi ƙarfi. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, cikin shekarun 1980, an ba wasu 'yan kwikwiyon Great Dane, wani irin babban kare, abinci mai kalsiyam kashi 3.3 cikin 100, wasu kuma 1.1. Waɗanda aka cika wa ne guringuntsinsu ya lalace, wasunsu ƙafafun gaba suka lanƙwashe. Dalili kuwa, hanjin ƙaramin kwikwiyo bai iya ƙin abin da ya wuce buƙata ba, tsotsewa yake yi. Shi ya sa ƙungiyar AAFCO, wadda ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ta ƙayyade kada kalsiyam ɗin abinci ya gaza kashi 1.2 cikin 100 kada kuma ya wuce 1.8 ga kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye idan ya girma. Na juya bayan buhun na duba, nawa yana cikin wannan iyaka, don haka ban ƙara masa komai ba. Tuwo da tsokar nama zalla kuma su ma ba mafita ba ne, kalsiyam ɗinsu ya yi kaɗan ƙwarai, ƙashi ya kan yi laushi.

A aikace, da sikelin kicin nake auna masa: sau uku a rana har wata shida, daga baya safe da yamma. Jadawalin da ke jikin buhun ya ɗan yi masa yawa, sai na riƙa ragewa ina bin jikinsa. Idan na shafa gefensa ina jin haƙarƙari ba tare da na danna ba, idan na duba ta sama kuma ina ganin ƙugu ya ɗan shiga. Kashinsa a dunƙule, gashi yana sheƙi. Ƙwayar tana da girma, dole ya tauna, ba ya zuƙe kwano a lokaci ɗaya.

Wajen wata bakwai ya zama dogo siriri, duk ƙafafu. Baba maigadi ya tare ni da gaske ransa a ɓace: "Alhaji, wallahi dabbar nan yunwa take ji, a bar ni in ƙara mata tuwo." Tausayi ne ya sa shi, kuma shawo kan mutanen gida ya fi sayen buhun wuya. Yanzu karen ya cika, yana miƙewa daga kwance cak, ba ya jan ƙafafun baya, kuma likita ya murza ƙugunsa da gwiwoyinsa bai ji abin damuwa ba.

Tsada kam akwai. Kayan waje ne, farashinsa yana bin dala, wani lokaci kuma a neme shi a rasa. Idan ya zama dole a sauya wani, a gauraya a hankali cikin mako guda, in ba haka ba zawo. Da damina yana jan danshi, sai a juye shi a robar da ke da murfi, a duba ranar lalacewa tun a shago.

Ciwon ƙugu yana da gado, buhu ba ya goge shi. Kafin ka biya kuɗin kwikwiyo, ka ce a fito maka da uwar da uban ka ga tafiyarsu da yadda suke tashi daga zaune. Idan ka kawo shi gida kuma, kada ya taso a kan tayil mai santsi, kada a riƙa sa shi tsalle daga bayan mota yana ƙarami.