Dish na rufin mota ko na ƙasa mai ƙafa uku? Amsa ga Alhajinmu na Leeds

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: Alhaji ya yi ritaya, ya sayi motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki, ta hannu, yana neman shawara kan dish ɗin da zai saka. Mai sarrafa kansa da ake kafewa a rufi ne ya fi, ko na hannu mai ƙafa uku da ake girkawa a ƙasa? Ya ce yawancin yawonsu cikin Birtaniya ne, in sanyi ya shigo su gangara Faransa da Sifen, ƙila har Maroko. Shi labarai yake so da sallar Harami, Hajiya kuwa ta ce ba za a raba ta da Arewa24 ba.

Bari in fara da ta Hajiya, tunda ita ce uwar tafiya. Babu ɗaya cikin biyun da zai kawo mata tashar ta dikodar gida. Taurarin talabijin suna tsaye ne a nisan kilomita 35,786 sama da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, kowanne yana haska yankinsa kamar tocila a cikin duhu. Wanda DStv ke aiki da shi a Najeriya yana digiri 36 gabas, kuma hasken da aka ware mata ƙasashen kudu da Sahara ya nufa. Ko dikodar Kano ka ɗauko, kuɗin wata a biye, in ka kafa ta a yankinku na Yorkshire baƙin allo za ka gani. Tata hanyar intanet ce, zan dawo kanta.

Taka kuma ta fi sauƙi, amma da sharaɗi. Tashoshin Birtaniya na kyauta, wato na Freesat da BBC da ITV suka kafa a 2008, suna kan taurarin Astra na digiri 28.2 gabas. A da haskensu yana malala har Sifen. A farkon 2014 aka mai da BBC kan sabon tauraro mai tsukakken haske, wanda ya tattara ƙarfinsa kan Birtaniya da Ayilan. Tun daga nan lissafi ya canza. A cikin Ingila kwando mai santimita 65 ya ishe ka har da saura. A arewacin Faransa ma yana kamawa. Kana gangarawa kudu hoto zai soma tsinkewa, mai santimita 85 ya ɗan ƙara maka tafiya, sannan shi ma ya sallama. A gaɓar tekun Sifen Turawan Ingila da ke zaune can kwanduna suke kafawa da faɗinsu ya haura mita, wasu ma biyu, irin wanda ba motar da za ta ɗauka a ka. Don haka kada mai shago ya sa ka ɗauka tsadar na rufi za ta sayo maka BBC a Malaga. A can abin da za ka samu shi ne Astra na 19.2 da Hot Bird na 13, masu ɗauke da irin su Al Jazeera ta Turanci da France 24. In kuka tsallaka daga Algeciras ta Sifen zuwa Tanja ta Maroko, Nilesat na digiri 7 yamma shi ne na kowa da kowa, tashoshin Makka da Madina suna kai dare da rana.

To ga su gefe da gefe.

Wajen kafawa na rufi ba shi da abokin karawa. Ka tsaya, ka ja birkin hannu, ka danna maɓalli, sai ka ji ƙugin inji a sama, kwando ya miƙe, ya juya, cikin minti ɗaya ko biyu hoto ya fito. Ana ruwa ne, dare ne, gwiwa ce ta tashi, duk ba ruwanka. Masu kyau cikinsu, irin Oyster na Jamus da Teleco na Italiya da Maxview na nan Ingila, da ka ta da mota suke kwantar da kansu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yawan mantuwa.

Na ƙasa kuwa sai ka fita. Ka buɗe ƙafafu, ka ɗora kwando, ka ja waya, ka durƙusa da 'yar mitar nan ta neman sigina mai kuka. Ga dabarar da ta rage mini wahala: daga Ingila alƙibla tana wajen digiri 118 zuwa 119 a kamfas, tauraron 28.2 kuma yana wajen 145. Wato ka fuskanci inda kake salla, ka karkata hannun dama kaɗan, kamar digiri 25. Daga nan ka riƙa matsar da kwandon a hankali, kamar mai zura zare a allura. Ranar farko na fi rabin awa ina fama. Mita ta yi ƙara, na ɗaure kusoshi ina murna, na shiga na tarar da wani Bajamushe yana karanta hasashen yanayi. Na zarce zuwa 19.2 ban sani ba, domin mitar mai araha ba ta faɗa maka wane tauraro ta kama, ita dai ta ji ƙarfi ta yi kuka. Na koma waje, mai ɗakina tana ciki tana ƙwala mini "Ya zo! A'a, ya tafi! Koma kaɗan!" Sai na tuna zamanin da ake tura mu juya sandar eriya a tsakar gida. Yanzu da hannu ya faɗa, minti biyar zuwa goma ne.

Inda na ƙasa yake rama bashi shi ne wajen bishiya, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. A Kano kwandon DStv sama yake kallo, fiye da digiri 50, shi ya sa ko a tsakar gida mai katanga yana kamawa. A nan tauraron ƙasa-ƙasa yake: kamar digiri 25 a Landan, 23 a wajenku, ƙasa da 20 a arewacin Sikotilan. Ma'ana bishiya mai tsawon mita 10 sai ka ba ta tazarar fiye da mita 20 kafin ka tsira daga gare ta. Filayen da ake kwana da irin motocin nan kuwa cike suke da bishiyoyi, kuma sau da yawa ba kai ke zaɓar gurbi ba, lamba ake ba ka. Wata bazara a Wales na kwana kusa da wani dattijo mai sabon na rufi. Kwandonsa ya tashi, ya kewaya, ya sunkuya, ya sake tashi, kamar raƙumi mai neman inda zai durƙusa. Sau uku yana ja da motar baya yana dawowa, har matarsa ta fito da kofin shayi tana kallon ikon Allah. Ni ma bishiyar ta rufe ni, amma sai na ɗauki nawa na kai shi bakin shinge da waya mai mita 15, na dawo na zauna. A Sifen abin ya fi haka ciwo: mai na rufi dole ya zaɓa, ko inuwa ko kallo. Mai na ƙasa ya ajiye mota a inuwa, ya bar kwando a rana.

Iska ba ta bar kowa ba. Na rufi in ta yi ƙarfi dole ka kwantar da shi, in ba haka ba haƙoran injin su ci. Na ƙasa ta taɓa kifar mini da shi tsakar dare a bakin teku, ya lanƙwashe a gefe, tun daga ranar nake kafa masa turaku, in rataya jarkar ruwa a tsakanin ƙafafunsa. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yana dusashe sigina ko wanne ka saya, sai dai babban kwando ya fi jurewa. Ta fuskar ɓarayi na rufi ya fi kwanciyar hankali. Kuma in a bakin titi ko tashar mai za ka yi kwanan wucin gadi, ba wurin baza ƙafa uku ba ne.

Sai kuɗi da nauyi. Na ƙasa da ƙafarsa da waya da mita ba zai kai fam 200 ba. Na rufi mai suna daga wajen fam 1,500 yake tashi, ya haura 2,500, ban da ladan mai ɗaurawa. An ce araha ba ta ado, amma a nan hoton iri ɗaya ne, sauƙi kawai kake saye. Ɗaurawar ma huda rufi ce, kuma babban ciwon motocin nan danshi ne. In ba a liƙe da kyau ba, ruwa zai bi jikin bango shiru-shiru har katako ya ruɓe. Nauyinsa wajen kilo 10 ne ko fiye, a can sama. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1997 iyakarsa kilo 3,500, mota da mutane da ruwa da gas duka, kuma na san mu, ba ma tafiya ba buhun shinkafa da tukunyar Hajiya. Na ƙasa ya fi sauƙin nauyi, sai dai yana cin wurin ajiya, ga shi yana dawowa da taɓo.

Akwai na uku, mai rufin roba kamar ƙwarya a kife. Iska ba ta damunsa, wasu ma suna kamawa mota na tafiya. Sai dai kwandon da ke ciki ƙarami ne, shi ke fara yin shiru a Faransa, kuma ba ya kwanciya. Kuɗin hanya a Faransa yana tsalle in mota ta kai mita 3 a tsaye. A ƙa'ida ba a lissafa dish cikin tsayin, amma na'urar ƙofar ba ta san wannan ba, sai ka danna maɓalli ka yi bayani da Faransancin da ba ka da shi. Ga mai nufin kudu ban ga amfaninsa ba.

Intanet ɗin Hajiya: 'yar na'urar da ake saka wa sim ta isa a yawancin Birtaniya, ban da ƙauyukan tsaunuka inda sabis ke ɗaukewa. In za ku tsallaka, ka bincika kuɗin amfani da layinka a waje, domin kamfanoni da yawa sun dawo da shi bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, gara ka sayi sim na ƙasar da kuka sauka. Starlink Mini, mai ɗauko intanet daga tauraro, yana aiki inda babu sabis, amma yana jan kamar wat 25 zuwa 40 muddin yana kunne, batirin ɗakin zai ji a jikinsa, ga kuɗin wata, kuma shi ma ba ya shiri da bishiya. Ta intanet ɗin ne kai ma za ka fi samun sallar Harami kai tsaye yayin da kuke Ingila.

In ni ne kai, Alhaji, ba zan huda rufin mota a shekarar farko ba. Zan sayi na ƙasa mai santimita 65, in haɗa da na'urar sim, in yi bazara guda. In ka ga kullum a fili kuke tsayawa, ko gwiwa ta fara ƙorafi, ko kuna sauya masauki kowace rana, sai ka koma na rufi, kuma ka ɗauki mai 85 wanda ke murza kan LNB da kansa, wato ƙwayar nan ta gaban kwando mai karɓar sigina, domin yadda ake karkatar da shi yana canzawa in kun yi nisa kudu. In na rufin da wani ya yi amfani da shi za ka saya, ka yi hattara: tsofaffin suna gane tauraro ne da wasu mitoci da aka saka musu, in an sauya mitocin sai an sabunta manhajarsu, wasu kuma kamfaninsu ya daina.

Kafin ka biya ko kwabo, leƙa bayan talabijin ɗin da ka tarar a motar. In ka ga wurin ɗaura waya mai murɗi, da alama risibar tana ciki, ba sai ka sayi dikoda ba. Ka dai tabbatar tana ɗaukar HD, domin tun Janairun 2024 BBC ta rufe tsofaffin tashoshinta marasa HD a tauraro. In kana da hali ranar Asabar ka biyo ta Manchester da motar, mu kafa nawa a ƙofar gida ka juya shi da hannunka, ka ga ko gwiwar za ta yarda.