Gargaɗi ga masu mota: hattara da "maganin wanke nozul" na bakin titi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen watan Mayun 2023, kasuwar masu sayar da abubuwan zubawa a tankin mota ta buɗe, musamman maganin wanke nozul, wato abin da ke fesa wa injin mai. Suna nan a tashoshin mota, a bakin gidajen mai, a cunkoson danja, ga kuma tallar Facebook da TikTok. Wani kwalba yake riƙe da ita, wani ƙwayoyi ne kamar alewa. Maganarsu ɗaya ce: zuba wannan, nozul zai wanku nan take, mota ta rage shan mai da kashi 30 ko 40 cikin ɗari.

Maganin wanke nozul na gaskiya yana nan, kada a yi mana mummunar fahimta. Masu ƙarfi daga ciki, irin su Techron na kamfanin Chevron, suna ɗauke da sinadarin da ake kira PEA, wanda ke cin daskararren dattin da ke taruwa a bakin nozul da bayan bawul. Amma aikinsa a hankali yake, sai an ƙone tanki guda kafin a ga wani abu, kuma iyakarsa ya mayar da injin yadda yake sha kafin ya yi datti. Idan nozul ɗinka tsaf suke, ba za ka ga canjin komai ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada kayayyaki fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wanda ya taka rawar a zo a gani ba.

Dubi yadda ake wasan. Mai talla zai ɗauko kofin gilas, ya shafa masa tsohon baƙin mai ko baƙin salansa, ya tsiyaya ruwan kwalbarsa, ya girgiza. Sai ka ga baƙin ya narke, gilas ya yi fes, jama'a na kabbara. To ai kananzir ma haka yake yi, tinnar fenti ma haka, fetur ɗin tankinka ma haka. Dattin da ke bakin nozul zafi ne ya gasa shi ya zama kamar ƙanzo, ba ɗanyen mai ba ne da za a girgiza ya fita.

Wasa na biyu a gareji ake yinsa, kuma ya fi muni. Mota ta zo da fitilar injin a kunne. Bakanike ya zuba kwalba, ya ce a ba shi minti goma, a cikin minti goman ya jona na'ura ya goge lambar matsalar, ko ya cire kan batir ya mayar. Fitila ta mutu, an biya kuɗin magani da na aiki. Bayan kwana biyu ko uku kwamfutar motar ta sake gano matsalar, fitila ta dawo, sai a ce ai dattin da yawa, a ƙara kwalba.

Me ke cikin jabun? Galibi kananzir ne da aka sa wa launi, ko tinnar fenti, ko metanol, a ɗura a tsofaffin kwalaben kamfanoni na ƙwarai da aka tsinto daga garejoji. Kananzir yana rage wa fetur ƙarfin jure matsi. Mililita 300 a cikin lita 50 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, don haka asarar kuɗi kawai za ka yi. Sai dai su cewa suke yi ka zuba kwalba biyu lokacin da tanki ya kusa ƙarewa, "don ya yi ƙarfi". Mililita 600 a kan lita 10 ya haura kashi 5 cikin ɗari. Nan ne za ka fara jin injin yana ƙas-ƙas idan ka taka totur a hawa, ƙarfi ya ragu, fulogi su yi baƙi. Tinna da metanol kuwa suna cin robobin bakin nozul da tiyon mai, metanol kuma yana jawo ruwa ya kawo tsatsa. Masu mota ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai metanol fiye da ƙima ya shigo Najeriya ya kwantar da motoci.

Ƙwayoyin "rage shan mai" su ne abin da muka fi jin tsoro. Shinshina ɗaya: idan ka ji warin kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kaya, to shi ne. Idan bai narke gaba ɗaya ba, burbushinsa yana toshe rariyar famfon mai da ke cikin tanki, famfo ya riƙa kuka har ya ƙone. Wani nau'in kafur ɗin yana da sinadarin kulorin, idan ya ƙone sai ya zama asid. Waɗanda ake kira masu ƙara ƙarfin fetur kuma, wasu suna da ƙarfe a ciki. Alamarsa ita ce ka kwance fulogi ka ga bakinsa ya yi ja kamar bulo. Wannan jan yana kashe sensar iskar salansa, ya toshe abin nan mai tace hayaƙi a cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wanda kuɗinsa ya ninka na kwalbar sau da yawa.

Idan za ka saya, je shagon da za ka iya komawa gobe ka same shi. Duba murfi: zoben roba a haɗe yake, takardar da ke liƙe a bakin kwalba ba alamar gam? Duba lambar rukunin da inji ya buga a jikin kwalbar, ka kwatanta kwalabe biyu a ga ko cikarsu da launinsu ɗaya. Warin kananzir shi kaɗai ba hujja ba ne, domin na gaskiya ma da dangin man fetur ake haɗa su. Bi ma'aunin da aka rubuta: Injection Cleaner na Liqui Moly, alal misali, mililita 300 ne ga fetur har lita 70. A zuba kafin a sha mai, a cika tanki, a yi tafiya har ya yi ƙasa. Na fetur daban, na gas (dizal) daban. Idan kwalba ta ƙare, huda ta kafin ka yar, kada ta dawo kasuwa da kananzir a cikinta.

Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu tambarin GDI ko TSI, man ba ya bi ta bayan bawul, saboda haka duk wanda ya ce abin zubawa a tanki zai wanke maka bawul ɗinsa, ƙarya yake yi.

Motar da ke fizga ko rawa a sulo, a fara da karanta lambar matsala, ka rubuta ta da hannunka kafin kowa ya goge. P0300 na nufin wuta na tsallakewa, sau da yawa fulogi ne ko koyil. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa: a duba tiyon iska ko ya tsage, a duba sensar iska da ƙurar hunturu ke rufewa, a auna matsin famfon mai, wanda a Corolla da ire-irenta bai kamata ya gaza kusan bar 3 a ma'aunin matsi ba. Idan an tabbatar nozul ne, a kwance su a ɗora kan injin gwaji, ka tsaya ka ga kowanne ya cika bututun awonsa daidai da ɗan'uwansa, sannan a mayar da su da sababbin robobi. Wanda ya ci karo da jabu ya ajiye kwalbar da rasit, ya kai ƙara ofishi mafi kusa na SON, hukumar kula da ingancin kaya, ko na FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye.