Wasiƙa daga Biradfod: tsatsar mota, gishirin titi da tsadar hannun ma'aikaci

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka ce in ba ka labarin yadda gyaran mota yake a nan Ingila, tunda kana shirin sayen ta-hannu daga Kwatano. Zan ba ka labarin aiki guda ɗaya da na yi da hannuna, domin a cikinsa na fi ganin bambancin nan da gida, kuma akwai abin da ya shafi cinikin da za ka yi.

Aikin shi ne gyaran dokin ƙofar motata, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wanda ya miƙe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, wanda mutum ke tsallakawa in zai shiga. A gida ba mu cika kula da shi ba sai in an buge shi a kan kwalbati. Amma ƙananan motocin yanzu ba su da shasi daban irin na Hilux. Jikin motar shi ne ƙashinta, kuma waɗannan ƙarafa biyu na dama da hagu su ne manyan ginshiƙansa. Kowannensu akwati ne dogo mai rami a ciki: akwai fatar waje da ido ke gani, akwai ta ciki da ke manne da daɓen mota, galibi kuma da wani ƙarfe mai kauri a tsakiya. A kansa ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya yake tsaye, kusa da shi ake ɗaure bel ɗin kujera, a ƙarƙashinsa ake kafa jak. In wata mota ta daki mutum ta gefe, Allah ya kiyaye, wannan ƙarfen yana cikin abin da zai tare ta kafin ta iso ga fasinja.

Abin da ke cinye shi a nan gishiri ne. Da hunturu ya shigo, duk daren da ake tsoron ƙanƙara za ta daskare a kan titi, manyan motocin ƙaramar hukuma suna fita suna watsa wani gishiri mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake haƙo yawancinsa a Winsford da ke yankin Cheshire. Yana hana santsi, yana ceton rayuka, wannan ba musu. Amma taya tana kwaso ruwan gishirin da laka tana watsa su cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ga shi ƙasar ba ta bushewa daga Nuwamba har Maris. Akwai ƙananan ramuka a gindin dokin ƙofar da aka yi domin ruwa ya zube. In laka ta toshe su, ruwan sai ya kwanta a ciki wata da watanni. Daga nan tsatsa ke farawa, tana ci daga ciki zuwa waje kamar yadda gara ke cin azara, ta bar fenti yana sheƙi. Ranar da ka ga fentin ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje, to ciki ya daɗe da lalacewa. Shi ya sa Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna shekaru aru-aru har yanzu ake ganin wasu suna ɗaukar kaya a hanyoyin ƙauye, alhali a nan motar da ba ta kai shekara 20 ba sai ka iske gindinta ya ruɓe, injinta kuwa lafiya lau.

A nan ba a barin mutum da motarsa yadda ya ga dama. Duk motar da ta cika shekara 3 sai an kai ta gwajin da ake kira MOT kowace shekara, kuma gwamnati ta ƙayyade kuɗin gwajin ƙaramar mota kada ya wuce fam 54.85. Sai motar da ta haura shekara 40 ake ɗauke mata wannan wajibi, in ba a yi mata manyan sauye-sauye ba. Wanda aka kama yana tuƙi ba takardar gwaji ana iya cin sa tara har fam 1,000. Mai gwajin yana ɗaga motar sama ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya danna ƙarfen da yatsa, in ya yi shakka ya ƙwanƙwasa da wata 'yar guduma da aka tanadar domin haka. Ƙa'idarsu ita ce, in tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure bel ɗin kujera, ko birki, ko sitiyari, ko ƙafafun mota, ta faɗi. Tawa a nan ta faɗi, a ƙarshen dokin ƙofa ta wajen tayar baya, inda ya fi ruɓewa a yawancin motoci.

Ban ji haushin mai gwajin ba ko kaɗan, Yaya. 'Ya'yana a kujerar baya suke zama, daidai saman wurin.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne nan da gida suka yi hannun riga. Ƙarfen da za a yi facin da shi ba shi da tsada. Hannun ma'aikaci ne ke da tsada. Gareji a nan da awa yake lissafi, kuma yawancinsu suna ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan jimla. Gareji da yawa ma ba sa karɓar aikin walda, domin ba wanda ya san iyakar ruɓar sai an yanka, kuma canza birki ko man inji ya fi kawo musu kuɗi cikin sauri. Wanda ya yarda ya duba min ya faɗi kuɗin da ya kusa kai rabin darajar motar baki ɗaya, ya ƙara da cewa sai na jira layi. Wannan ne dalilin da ya sa dubban motoci masu lafiyayyen inji suke ƙarewa a wurin 'yan gwangwan a ƙasashen nan, ko a tashar jiragen ruwa. A Kano da na kai ta wajen masu gyaran jikin mota, da la'asar an gama, kuɗin kuma ba zai hana ni cefane ba.

Kayan aiki kuwa a nan ba a magana. Shaguna irin su Screwfix da Machine Mart suna sayar da injin yankan ƙarfe da faifansa da hular walda mai duhunta kanta da zarar wuta ta tashi, kuma in abu ya lalace cikin garanti ka mayar da rasit a canza maka ba gardama. Injin waldar da ake aikin jikin mota da shi ana ce masa MIG: waya ce siririya, milimita 0.6, take fitowa da kanta ta bakin bindigar, iskar gas daga silinda tana rufe wurin kada iska ta ɓata narkakken ƙarfen. Ƙaraminsa a soket ɗin ɗaki ake jona shi. Wuta kuma ba ta ɗaukewa, ba ta raguwa, ka fara layin walda ka kai ƙarshensa ba tare da ka ɗaga kai ka saurari janareta ba. Na lissafa, na ga kuɗin injin na hannu da sauran kayan bai kai abin da gareji ya nema ba, kuma kayan za su zauna a wurina. Matsalar wuri ce ta rage, domin gidajen unguwarmu a jere suke manne da juna, ba fili a gaba, kuma ba a kunna injin yanka a bakin titi maƙwabta su yi shiru. Wani ɗan'uwa da muke salla tare ya ara min garejinsa na bayan gida.

Kafin a taɓa ƙarfe, sai an yi maganin gobara. Ana cire kan batir, a cire kujera, a naɗe kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, a duba inda bututun mai da na birki da wayoyin wuta suka bi, domin a motoci da yawa ta gefen dokin ƙofar suke wucewa. Baƙar kwaltar da ake shafawa a ƙarƙashin mota tana kamawa da wuta nan da nan, don haka sai an kankare ta nesa da inda za a yi aiki. Motar kuma a kan ƙafafun ƙarfe ake ɗora ta, a wuri mai ƙwari, ba a kan jak ba, balle a ce jak ɗin a ruɓaɓɓen wurin aka kafa shi. Abin kashe gobara da bokitin ruwa suna kusa da hannu.

Yankan shi ne ya fi taɓa zuciya. Ramin da ya faɗar da motar bai fi kan yatsa biyu ba, amma da na bi shi da buroshin waya sai ya yi ta buɗewa. Dokar aikin ita ce a yi ta yanka har sai an kai ga ƙarfe fari mai cikakken kauri, domin walda ba ta kama tsatsa, ƙonewa kawai wurin yake yi ya zama rami. Da fatar waje ta fita sai na ga ƙarfen tsakiya ma ya ci, kuma shi ne mai ɗaukar nauyi. Daga ciki ake farawa a fito waje. Ana ɗora kwali a kan ramin a zana siffarsa, a yanka, a mayar da zanen kan faifan ƙarfe, mai kauri domin ciki, mai kusan milimita 1 domin fatar waje, a lanƙwasa shi a bakin teburin aiki da guduma har ya zauna daidai. Fuskokin da za su rufe juna ana fesa musu wani fenti mai sinadarin zinki wanda walda ke ratsawa. Hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, saboda haka ƙofar gareji a buɗe take duk sanyin da ake yi.

Ƙarfen jikin mota siriri ne ƙwarai, in zafi ya yi masa yawa ko ya huje ko ya karkace. Don haka ɗigo-ɗigo ake yi: a ɗiga a nan, a tsallaka can nesa a ɗiga, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon su haɗu su zama layi ɗaya ba giɓi. Wannan layin shi ne abin da mai gwaji zai nema. Faci a irin wannan wuri sai an yi masa walda zagaye ba yankewa. Ba a karɓar wanda aka liƙa da fila, wato ƙullun nan da masu gyaran jiki ke cike lotsa da shi, ko aka kama da ƙusar rifit, ko aka ɗiga masa walda a kusurwa huɗu aka shafe sauran da kwalta. Bayan an goge, an rufe bakin waldar da abin toshe ruwa, an yi fenti, sai aikin ƙarshe wanda mutane ke rainawa: buɗe ramukan zubar ruwa, da fesa man hana tsatsa irin su Waxoyl a cikin ramin ta dogon bututu. Walda tana ƙone duk kariyar da ke bayan ƙarfen, in aka bar shi tsirara, hunturu biyu ko uku ya isa ya mayar da mutum inda ya fito.

Motar ta ci gwajin da na mayar da ita. Amma duk lokacin da nake aikin, mutanenmu nake tunawa. Wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ya ga yadda yaro ke ɗaukar guntun ƙarfe da guduma da wutar kabaid ya fitar da siffar da ni sai da kwali da awo na samu, ya san ba gwaninta muka rasa ba. Hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Abin da babu shi ne wuta tsayayya, da kayan kariya daga tsatsa, da kuma wanda zai shiga ƙarƙashin mota ya duba bayan an gama. Mai mota yana son arha da sheƙi, sai a cika ramin da fila a fesa fenti, kowa ya tafi yana murna, alhali ƙashin motar a karye yake. Ba na ɗora laifin a kan mai gyara shi kaɗai. Abin da aka biya shi ya yi, shi ya yi.

Kada kuma ka ɗauka nan ɗin babu ha'inci. Mai gwaji ba shi da izinin kwance komai a jikin mota, don haka motar da aka rufe dokin ƙofarta da roba tana iya wucewa da ruɓa a ɓoye. Akwai kuma masu shafe tsatsa da baƙar kwalta kafin su sayar.

Ga inda maganar ta shafe ka. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, ba su ne ake kawo mana ba. Amma waɗanda ake lodawa daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Kwatano, da waɗanda ke zuwa daga Kanada da arewacin Amurka, duk sun sha gishirin nan, kuma da yawa an rabu da su ne saboda gyaran da gwaji ya nema ya fi ƙarfin darajarsu. In ka je, kada ka tsaya a jin ƙarar inji da sanyin AC. Ka tafi da tocila da ɗan mayen ƙarfe. Ka durƙusa ka bi gindin dokin ƙofa daga gaba zuwa baya, ka danna da babban yatsa, musamman ta wajen tayar baya da wuraren kafa jak. Inda mayen ƙarfen ya ƙi kamawa, fila ce a wurin. In ka ga sabuwar kwalta baƙa ƙirin a gindin tsohuwar mota, ka tambayi dalili. Ka ɗaga kafet ka taɓa daɓen, ka sa a ɗaga ta da jak ka saurara ko ƙarfen zai yi ƙara ko ya lotsa. Tsatsar sama-sama da buroshi ke cirewa ba komai ba ce, kuma a bushewar ƙasarmu ba za ta yi saurin ci gaba ba. Wadda ta huda ƙarfe kusa da bel ko ƙafar baya kuwa, ka bar musu abarsu ko nawa suka rage.

Akwai kuma abin da nake so ka bincika min. Wutar nan da ta gida ƙarfinsu ɗaya, bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne, don haka injin nan zai yi aiki a Kano in an samu janareta mai ƙarfi. Ka tambayi mai waldar da ke gyara maka mota ko ana samun cikon silindar gas ta CO2 da wayar MIG a kusa da shi, da nawa ake sayarwa. In ana samu, zan sa injin da hular a cikin kayan da za mu aiko ta jirgin ruwa bayan salla. Ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.