Birkin igiyar hawa: ATC, GriGri ko Mega Jul, wanne ya dace da Legas?

Duk wanda ya fara hawan bangon atisaye a Lekki, ko yake shirin zuwa duwatsun Idanre a jihar Ondo, sai ya zo kan maganar birkin igiya. Shi ne ƙarfen da mai riƙo yake maƙalawa a ɗamararsa, igiya ta ratsa ta ciki, in mai hawa ya zame a tsayar da shi. Guda uku muka daɗe muna aiki da su: ATC-XP na Black Diamond, GriGri na Petzl, da Mega Jul na Edelrid.

Kafin ka kalli sunan kamfani, duba kaurin igiyarka. Kowane birki an rubuta masa iyakarsa a jiki. GriGri na yanzu yana karɓar milimita 8.5 zuwa 11, ATC-XP kuma 7.7 zuwa 11. Sabuwar igiya siririya tana da santsi, tana zurarewa da sauri. Tsohuwa mai kauri da ta sha danshin Legas ta kumbura kuma, da ƙyar take wucewa.

ATC-XP bututu ne mai ramuka biyu, giram 64, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ka lanƙwasa igiya, ka cusa ta rami ɗaya, ka kama lanƙwasar tare da wayar da ke jikin birkin da karabina (ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa) mai makulli irin HMS, mai siffar fiya. Ɓangaren da ke da haƙora shi ne na hannun birki, wato hannun da ke riƙe da ɓangaren igiyar da ba ya zuwa wurin mai hawa. Kuskure biyu ne ke jefa mutum ƙasa a nan. Na farko, a kama wayar kawai a bar igiyar a waje. Na biyu, hannun birki ya tsaya sama da na'urar; a wannan hali igiyar ba ta lanƙwashe ba, don haka babu gogayyar da za ta riƙe nauyi. Hannun ya koma ƙasa kusa da cinya bayan kowane ja. ATC ba ya kama igiya da kansa ko kaɗan, kuma a zafin Legas tafin hannu ba ya rabuwa da gumi, saboda haka safar hannu ta fata dole ce. Amma don koyo babu kamarsa, yana horar da hannu.

GriGri, wanda Petzl na Faransa ya fitar a 1991, shi ne zaɓinmu ga yawancin masu hawa a nan. Nauyinsa giram 175. A cikinsa akwai harshen ƙarfe da ke juyawa ya matse igiya idan aka fizge ta. Riƙe mutum yana hutawa a rataye na minti goma ba ya gajiyar da hannu. Sai dai mutane suna ɗaukarsa kamar mai aiki da kansa, wannan kuwa shi ne haɗarinsa. Idan zamewar ta zo a hankali, ko mai hawan yaro ne marar nauyi, ko igiyar siririya ce sabuwa, harshen na iya ƙin kamawa sai hannun birki ya riƙe igiyar. In aka saka igiya a juye ma ba zai kama yadda ya kamata ba, shi ya sa aka zana hoton mai hawa da hoton hannu a jikinsa. Kafin abokinka ya ɗaga ƙafa, fizgi igiyar ta ɓangarensa ka ga ta cije.

Wurin saukar da mutum ne aka fi samun matsala. Mai riƙo ya tsorata, ya ja mariƙin saukarwa da ke jikin GriGri har ƙarshe, harshen ya buɗe gaba ɗaya, abokin ya taho kamar buhu. Daidai shi ne hannun dama ya riƙe igiya gam, na hagu ya ja mariƙin kaɗan-kaɗan har nauyin ya fara motsi, saurin kuma hannun dama ne ke iko da shi. GriGri+ mai giram 200 yana da mariƙin da ke sake kullewa in an ja shi da yawa. Ga wurin da sababbi suke da yawa, ƙarin kuɗinsa bai ɓaci ba. Ka sani dai GriGri igiya ɗaya yake ɗauka, ba a saukowa da shi a kan igiya ninki biyu kamar ATC.

Mega Jul yana tsakiya: giram 65, baƙin ƙarfe marar tsatsa, ramuka biyu, yana cije igiya a jikin karabina. Saukarwa da shi tana da fizge-fizge sai hannu ya saba, kuma yana cin karabinar alminiyam. Ba ma ba sabon shiga shawararsa.

Wajen saye, kada ka kusanci gwanjo, ba ka san faɗuwar da ƙarfen ya sha ba. Nemi lambar ƙa'idar ingancin Turai, EN 15151-1 a birki irin GriGri, EN 15151-2 a irin ATC. Karabina ta gaskiya tana ɗauke da ƙarfinta a rubuce, aƙalla kN 20 (kilonewton, ma'aunin ƙarfi) idan an ja ta ta tsawonta. Ƙananan da ake sayarwa a kasuwa na rataya makulli ne. 'Yan'uwanmu masu hawa turakun sadarwa kuma, waɗannan ba kayan aikinku ba ne, naku su ne na'urorin saukowa irin I'D ko RIG na Petzl.

Iskar teku a Lekki da Victoria Island tana ɗauke da gishiri. Wanke birkin da ruwa mai tsabta, ya bushe a inuwa, kada a rufe shi a jaka da jiƙaƙƙiyar igiya. Yashi a igiya yana goge alminiyam kamar sanfefa, shi ne baƙin da kake gani a tafinka, don haka shimfiɗa tabarma ko leda a ƙarƙashinta. Shafa yatsa inda igiya ke bi: in ramin ya kai zurfin milimita 1, ko bakin ya yi kaifi, ajiye shi ka sayi wani. Ƙarshen igiyar kuma a ƙulle shi kafin kowane hawa, don kada ya suɓuce ta cikin birki yayin saukarwa.