Turmi, madubi da hazon Garwa: shekara guda da na'urar hangen taurari

Turmin gidanmu yanzu aiki biyu yake yi. Da rana a daka gero, bayan sallar isha'i in kife shi a tsakar gida in ɗora madubin hangen nesa a kai. Na gwada teburin roba, na gwada benci, duk rawa suke yi, kana taɓa na'urar sai wata ya hau tsalle a idonka. Turmi kuwa ko gezau. Irin wannan madubi gajere ne, ba ya zuwa da ƙafafu, kai za ka nema masa mazauni, kuma babu wanda ya gaya mini haka kafin in saya.

Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ne ya taho mini da shi a watan Oktoba na 2024. Daga Yawunde ya shigo jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mota zuwa Garwa, kwalin yana kan cinyarsa kamar jinjiri. Yuro 250 na tura masa, wajen sefa 164,000 ke nan. A shagona na kayan babur sai an yi kwanaki ana ciniki kafin a ga ribar da ta kai haka, don haka uwargida ba ta yi mini da sauƙi ba.

Abin kansa ba shi da wani sarƙaƙiya. Bututu ne, a gindinsa akwai madubi mai kwarmi, faɗinsa milimita 130. Haske ya shiga ta baki, ya daki wannan madubi, ya dawo ya taru a kan wani ƙaramin madubi da aka karkata, shi kuma ya cillo shi gefe inda kake sa ido. Wannan dabarar Isiyaku Niyuton ce, Baturen Ingila, tun 1668. Mazaunin katakon da bututun ke juyawa a kai, sama da ƙasa, hagu da dama, shi kuma ana danganta shi da wani Jon Dobson na Amurka, wanda a shekarun 1960 yake harhaɗa manyan madubai da katako da kwali da gilashin tagar jirgin ruwa, ya fito da su bakin titi a San Faransisko don masu wucewa su leƙa kyauta. Da na ji labarinsa sai na daina jin kunyar turmina.

Ba wannan ne na fara saya ba. Shekarun baya na ɗauki wani siriri mai ƙafa uku a kasuwa, a jikin kwalinsa an rubuta cewa yana ƙara girman abu sau 675, ga hotunan duniyoyi masu launi. Kuɗina ya tafi a banza. Daga baya na gane cewa faɗin gilashi ko madubi shi ne komai, don shi ke tara haske, kuma ƙarin girman da zai yi amfani ba ya wuce ninki biyu na faɗin a milimita. Wancan faɗinsa 60 ne, iyakarsa 120, duk abin da ya haura haka dusu-dusu ne kawai. Na yanzu yana tara hasken da ya fi na wancan sau huɗu da wani abu, ya fi na ƙwayar idon mutum sau 300 da ɗoriya. Ya zo da gilashin leƙe guda biyu, na milimita 25 da na 10. Ka raba 650, wato nisan da haske ke yi kafin ya taru, da lambar gilashin, sai ka samu 26 da 65. Wato wanda ya tsaya a 65 ya nuna mini abin da mai alƙawarin 675 ya kasa.

Wata na fara dubawa, kamar kowa. Shawarata kada ka ɓata lokaci daren sha huɗu, hasken yana kashe ido kuma komai a shafe yake. Ka jira kwana bakwai ko takwas ga wata, ka bi layin da ya raba haske da duhu, nan za ka ga ramuka da tsaunuka da inuwarsu a shimfiɗe. Hoton a kife yake fitowa, sama ta koma ƙasa, kuma haka duk madubai irin na Niyuton suke, ba lalacewa ba ce.

Daren da na san kuɗina bai faɗi ba shi ne a Disamba, lokacin da Mushtari, wato duniyar Jupita, ya cika sararin gabas da haske. Baffana, wanda ya haura saba'in kuma ya yi karatun buzu a ƙuruciyarsa, ya zo gaisuwa ya tarar da ni a tsugune. Na ce, "Baffa, bismilla, ku leƙa." Ya cire hula, ya sa ido, ya yi shiru har na zaci bai ga komai ba. Can ya ce, "Kai yaro, waɗannan ƙananan huɗun da suka jeru fa?" Na ce watanninsa ne, suna kewaya shi kamar yadda namu ke kewaya mu, in kun dawo gobe za ku tarar sun sauya wuri. Washegari kuwa ya dawo, ba gaisuwa ta kawo shi ba. Waɗannan huɗun ne Galiliyo ya gani a Italiya a Janairun 1610, da gilashin da ƙarfinsa bai wuce 20 ba, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan wani mai haɗa tabarau a ƙasar Holan ya nemi a ba shi haƙƙin ƙirƙirar na'urar. A 65 har ɗamaru biyu masu duhu da suka ratsa cikin Mushtari ina gani.

Zara ce ta fi ba matan gidan mamaki. Tun muna yara ake ce mana Zara matar wata, to a Fabrairu da na saita ta sai ga ta ita ma a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Inna ta leƙa sau uku, ta ce ashe zama da miji har kama yake sa wa. Kaza da 'ya'yanta, wadda ido ke ƙirga shida ko bakwai, a gilashin 25 sai ka ga ta ƙyanƙyashe gommai. Zuhal kuwa, wato Satan, duniyar nan mai zobe, rashin sa'a na yi: na sayi madubin daidai lokacin da zobensa ke juyo mana da kaifinsa, abin da ke faruwa kusan duk shekara 15, kuma a Maris ɗin 2025 ya daidaita sak. Yaran unguwa da na cika wa baki da zobe suka ga ƙwallo da tsinke ya soke shi. Zoben zai riƙa buɗewa a hankali shekara bayan shekara.

Wanda ya saba ganin hotunan sama a Facebook, ja da shuɗi da ruwan hoda, ya shirya wa takaici. Ido ba ya ganin launi a haske mai rauni. Gajimaren Oriyon, wani tarin iskar gas da ƙura a can sararin samaniya, toka-toka yake fitowa, Andromeda kuma, wani gagarumin tarin taurari mai nisan gaske, wadda masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya kwatanta da ɗan gajimare tun shekarar 964, har yau ɗan gajimaren ne a madubina, duk da cewa hasken ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso. Amma muna da wata gata. Garwa digiri 9 take arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin sararin kudu da mutanen Faransa ba sa gani. A watan Mayu, daren da ya biyo bayan ruwan farko, na ɗaure bututun a baya na hau babur na bi hanyar Pitowa har fitilun gari suka ɓace. Can na samu dunƙulen taurarin da ake kira Omega Santuri, kamar an zuba gari a baƙin zane. Ɗan yayata da ya sayo madubin bai taɓa ganinsa ba.

Babban abokin gaba a nan hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu sama takan yi fari fat, wata da duniyoyi suna ratsowa, sauran kuwa sai haƙuri. Ƙurar tana sauka kan madubi, kuma kada ka kuskura ka goge da tsumma ko gefen riga, don shafin da ke sa shi ƙyalli a sama yake, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta karce shi. Ni dai ina rufe bakin da murfinsa, in sa duka a leda, in sa a buhu. A bazara kuma zafin da kwanon rufi ya sha da rana yana tashi da dare, hoton ya riƙa makyarkyata kamar kana kallo ta saman murhu. Sai ka fitar da na'urar ta sha iska rabin awa, ka kuma guji hangen abin da ke daf da saman rufi. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba. Kuma ni kaɗai ne a layinmu nake murna in an ɗauke wuta.

Aibobin na'urar ba su ɓuya. Ɗan ɗigon jan da ake saiti da shi batirin agogo yake ci, ka mance shi a kunne dare ɗaya ya mutu. Wurin murɗa gilashi yana da sako-sako. Gilashin 10 ɗin ma na jeka-na-yi-ka ne. Bayan tafiyar babur sai na sake daidaita madubai da sukurori uku na gindi, aikin da ya ci mini yamma guda a karon farko. Sannan babu inji a jikinta: duniya tana juyawa, a 65 cikin minti ɗaya da rabi Mushtari ya fice daga tsakiya zuwa gefe, in yara goma suka yi layi sai ka tura bututun tsakanin kowane biyu.

Masu kuɗi sun daɗe da rabuwa da wannan wahala. A 1970 kamfanin Celestron ya fitar da C8, madubi mai faɗin santimita 20 a cikin gajeren bututu, da inji mai bin tauraro. A 1992 Meade ya kawo LX200 mai kwamfuta, ka danna lambar abu ya juya da kansa ya nemo. Yanzu an kai inda babu ma wurin sa ido: Unistellar da Vaonis a Faransa, da Seestar S50 na kamfanin ZWO na Sin da ya fito a 2023, kyamara ce a ciki take aiko da hoto waya. Wani injiniya da ya zo aiki daga Duwala ya kawo irin wannan gidana. Faɗin gilashinta milimita 50 kacal. Ya ajiye ta, ta ɗauki hoton sama, ta gwada da taswirar da ke cikinta ta gane inda take fuskanta, ta shiga ɗaukar hotuna na daƙiƙa goma-goma tana ɗora wani kan wani. Kafin shayi ya nuna, gajimaren Oriyon ya fito da launinsa, duk da fitilun maƙwabta. Ba zan yi ƙarya ba, na yi hassada. Sai dai na lura mu shida duk kanmu a sunkuye yake kan waya, babu mai kallon sama. Baffa ya karɓa ya duba ya miƙa, ya ce, "Wannan ai talabijin ce," ya koma wajen turmi.

Mai son hoto da zai tura wa mutane, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya sayi irin ta injiniya. Mai son ya gani da idonsa ya nemi irin tawa, in da hali ma mai faɗin 150 ko 200. Duk kwalin da ya ga an rubuta masa ɗaruruwan ninki ya wuce abinsa.

Da azumi ya gabato maƙwabta suka riƙa cewa, "Alhaji, bana ai kai za ka gano mana wata." Na ce sanarwa ta shugabanni ce, ni ɗan kallo ne. Kuma ba na buɗe bututun sai rana ta faɗi gaba ɗaya, don jinjirin wata kusa da ita yake, kuma madubi mai wannan faɗi in ya kamo rana a take yake ƙona ido, babu magani. Shi ya sa da rana buhun yake kulle a ɗakina, yara ba sa kaiwa gare shi. Na riga na gaya wa ɗan yayata cewa zuwansa na gaba ya taho da matatar hasken rana ta gaske, wadda ake rufe bakin bututu da ita, saboda husufin 2 ga Agusta 2027. A Luksor ta Masar da Makka rana za ta rufe ruf, mu nan wani yanki kawai za mu samu, in gajimaren damina ya bari.